Garken sabar, kwantena marasa nauyi da sa ido: bayani domin masu ajiyar bayanan harshe

1. Gabatarwa

Sashen nazarin harsuna yana tara abubuwan da ba su da madadi: muryoyin da aka ɗauko a ƙauyuka, rubutun da aka yi musu, da ƙamus da ake ginawa shekara da shekaru. Awa guda ta murya a tsarin WAV, mai awo 48 000 a daƙiƙa da bit 24, tana cin wajen megabait 518. Ɗalibin da ya komo daga Adar ko Damagaram da awa 40 ya zo ke nan da abin da ya haura gigabait 20. Idan faifan ajiya ya lalace, kuma tsohon da ya ba da labarin ya riga ya rasu, babu inda za a sake samo shi. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bayyana wa malamai da ɗalibai yadda ake kafa sabar da yawa su yi aiki tare, yadda ake raba ayyuka cikin kwantena, da yadda ake sa musu ido.

2. Kalmomin da muka yi amfani da su

Sabar (serveur) kwamfuta ce da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana. Garke (grappe) shi ne sabar biyu ko fiye da aka haɗa ƙarƙashin jagoranci ɗaya. Ƙwaya (noyau) ita ce tsakiyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Kalmar kwantena (conteneur) kuwa ta daɗe a bakin ƴan kasuwa da direbobin manyan motoci, kuma ma'anarta ta dace: akwati ne da ke ware kayan wani daga na wani, alhali mota ɗaya ce ke ɗauke da su.

3. Kwantena da na'urar kwaikwayo

Hanya biyu ake bi a sa ayyuka da yawa cikin sabar guda. Ta farko ita ce na'urar kwaikwayo (machine virtuelle), wadda ke da ƙwayarta ta kanta, saboda haka tana da nauyi. Ta biyu ita ce kwantena, wadda ke aron ƙwayar sabar da take zaune a ciki. Wannan aron shi ne asirin rashin nauyinta: tana tashi cikin ƴan daƙiƙoƙi, kuma ƙaramin aiki yana iya wadatuwa da megabait 512 na ƙwaƙwalwar aiki.

Dabarar tana da tarihi. Umarnin chroot ya bayyana cikin Unix a 1979, FreeBSD ta fito da nata tsarin warewa a 2000, sannan tsarin cgroups, wanda ke ƙayyade rabon kowane aiki, ya shiga ƙwayar Linux a 2008. A wannan shekara LXC ta fito, Docker kuma ta biyo baya a 2013. Manhajar Proxmox VE, wadda muka ɗauka a matsayin misali, an fara sakinta a 2008, kuma tun 2015 LXC ce ke tafiyar da kwantenoninta.

Kwantena tana da iyaka. Tunda ƙwayar Linux take aro, ba ta iya ɗaukar Windows. Mai aiki da Toolbox na SIL, wanda aka yi domin Windows, na'urar kwaikwayo zai nema. Kazalika ba a ƙaurar da kwantenar LXC daga sabar zuwa sabar tana cikin aiki: sai an tsai da ita, a tashe ta a can.

4. Kafa garke

Sharaɗin farko shi ne rinjaye (quorum). Kowace sabar tana da ƙuri'a ɗaya, kuma garke ba ya yanke hukunci sai da fiye da rabin ƙuri'u. Idan sabar biyu ce kawai, ɗaya ta mutu, wadda ta rage tana da ƙuri'a 1 cikin 2, wanda bai kai rinjaye ba, sai ta ƙi karɓar kowane canji. Dalili shi ne ba ta da hanyar sanin ko ƴar'uwarta mutuwa ta yi ko waya ce ta tsinke. Idan kowace ta ci gaba da rubutu ita kaɗai, ƙamus ɗaya zai zama biyu masu saɓani. Shi ya sa ake farawa da sabar uku, ko biyu tare da wata ƙaramar na'ura mai ba da ƙuri'a ta uku.

Bayan haka sai a bi matakai kamar haka:

a) a daidaita agogon dukan sabar, a ba kowace adireshi tsayayye;
b) a ware wa saƙonnin garke wayarsu, domin kwafe manyan muryoyi kada ya toshe su;
c) a ba kowane aiki kwantenarsa: ɗaya ta ƙamus, ɗaya ta muryoyi, ɗaya ta shafin sashe;
d) a zaɓi kwantena maras gata (non privilégié), inda shugaban ciki mai lamba 0 yake zama mai lamba 100000 a waje, ta yadda ɓarawon da ya fasa kwantena bai mallaki sabar ba.

5. Sa ido

Garke yana ɓoye lalacewa: sabar ɗaya na iya mutuwa aiki ya ci gaba, ba wanda ya lura sai ran da ta biyu ta bi ta. Sa ido (supervision) shi ne maganin wannan. Akwai Nagios, wadda ta fara da sunan NetSaint a 1999, da Zabbix ta 2001, da Prometheus da aka soma a 2012, wadda aka saba haɗawa da Grafana domin zana alkaluma. A tsarin Prometheus, ana sa ƙaramin wakili mai suna node_exporter cikin kowace sabar, shi kuma Prometheus yana zagayowa lokaci lokaci yana karɓar awo ta ƙofa mai lamba 9100.

Abubuwa biyar muke ba da shawarar a auna: cikar faifai, lafiyarsa bisa rahoton SMART, zafin na'ura, halin batirin riƙe wuta (onduleur), da ranar da aka yi kwafin ajiya na ƙarshe. Na uku da na huɗu sun fi damunmu a nan, domin a Yamai zafi yana wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma lokacin ne ɗaukewar wuta ke yawaita. Ka'ida biyu ke tafe da wannan. Kada na'urar sa ido ta zauna cikin garken da take gadi, in ba haka ba za su mutu tare, shiru. Kuma kada ƙararrawa ta yi yawa: wadda ke kaɗawa kullum ba dalili, mutane sukan daina jin ta.

6. Baƙaƙe masu lanƙwasa

Akwai awon da injiniya ba zai tuna da shi ba sai masanin harshe. Sabuwar kwantena takan zo ba tare da an saita mata UTF-8 ba. A wannan hali baƙaƙen ɓ (U+0253), ɗ (U+0257), ƙ (U+0199) da ƴ (U+01B4) na iya rikiɗewa su koma alamar tambaya, ko jerin ƙamus ya hargitse. Alamar karin sauti ma tana da tarko: ana iya rubuta à da lamba ɗaya (U+00E0) ko da biyu (a da U+0300). Ido yana ganinsu ɗaya, na'ura tana ganinsu daban, sai bincike ya tsallake rabin kalmomi. Saboda haka a sa na'urar sa ido ta riƙa neman baƙi da baki, ƙasa da kasa, cikin ƙamus kowace awa. Idan amsoshin suka zo iri ɗaya ko babu amsa, ta kaɗa ƙararrawa.

7. Kammalawa

Garke yana kare mu daga mutuwar na'ura, amma fayil da aka goge bisa kuskure yana gogewa a ko'ina. Kwafi uku ake bukata, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gini dabam, kuma a riƙa gwada maido da shi aƙalla sau ɗaya a kowane zangon karatu. Muna roƙon kowane sashe ya naɗa mutum biyu, malami da ɗalibi, waɗanda saƙon ƙararrawa zai riƙa isa gare su, kuma a rubuta sunayensu a ƙofar ɗakin sabar.