Yaron da aka tsare bai daina zama ɗalibi ba

Idan ɗan shekara 16 daga Azare ko ƙauyukan Katagum ya faɗa hannun hukuma, hankalin iyaye kan tafi ga beli da ranar zaman kotu. Da wuya a ji wanda ya tambayi aji nawa yake, balle inda zai ci gaba da karatu.

Doka kuwa ta yi wannan tanadi tun 1962, lokacin da aka kafa dokar gidajen horon matasa da ake kira Borstal, domin 'yan shekara 16 zuwa 21. Sanannu a cikinsu uku ne: Kaduna, Ilorin da Abeokuta. A can akwai azuzuwa, ana koyar da kafinta da ɗinki, wasu har jarrabawar kammala sakandare suke zaunawa.

Su wa ke cika waɗannan azuzuwa? Maza ne, don gidajen uku na maza aka yi su. Kuma ba duka ne suka yi sata ko faɗan daba ba. Da yawa iyayensu ne suka nemi kotu ta kai su, saboda shaye-shaye ko kangara. Sai ka tarar a rukuni ɗaya da wanda ya kusa gama sakandare, da wanda ya tsaya a firamare, da almajirin da ya yi nisa a allo amma bai san boko ba. Malamin da zai haɗa waɗannan yana da jan aiki.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana ajiye ƙananan yara tare da manya, ta kuma ce a samar da irin waɗannan gidaje a kowace jiha, na maza daban, na mata daban. Jihar Bauchi ta sa hannu a dokar kare yara a 2023. Amma mafi kusa da mu a cikin ukun nan yana Kaduna, tafiyar da uwa mai ƙaramin ƙarfi ba za ta iya yi kowane wata ba. Wannan abin takaici ne.

Iyaye, ku karɓa wa 'ya'yanku takardar haihuwa tun suna jarirai, domin ita ce shaidar shekarunsu a gaban alƙali. Ku adana sakamakon makaranta. 'Yan majalisarmu na shiyyar Katagum kuma, muna roƙonku ku matsa a samar da gidan horo mai makaranta a Jihar Bauchi.