"Kul, ba a faɗa!" ba amsa ba ce

A gidan suna ne, mata sun cika tsakar gida ana rabon waina, sai wani yaro da bai wuce shekara shida ba ya tsaya gaban wata yarinya zabiya, ya ƙura mata ido, ya ɗaga murya: "Umma, wannan wuta ce ta ƙona ta?" Uwarsa ta kai masa ranƙwashi, ta ce, "Kul! Ba a faɗa." Uwar yarinyar kuwa ta sunkuyar da kai, ta jawo 'yarta cikin mayafi.

A ganina ranƙwashin ya fi tambayar ɓarna. Yaron ya tafi da tunanin akwai abin kunya a jikin yarinyar, ita ma haka ta ɗauka, tunda ta ga mahaifiyarta ta rasa bakin magana. Alhali amsar ba ta da tsawo: "A'a, haka Allah Ya halicce ta. Sunanta Hauwa, zo ku gaisa."

Idan yaron ya ɗan tasa, a ƙara masa bayani. Akwai wani sinadari da ake kira melanin, shi ke ba fata da gashi da ido launi, jikin zabiya kuwa ba ya samar da isasshe. Zabiyanci gado ne ta wajen uwa da uba, ko da dukansu baƙaƙe ne wuluk, don haka a daina ɗora wa uwa laifi. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya. Rashin sinadarin ne ke sa rana ta ƙona fatarta, ganinta ya yi rauni, har sai ta kai littafi dab da hanci kafin ta karanta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni don wayar da kai kan zabiyanci, Najeriya kuma tana da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, sai dai doka ba ta zuwa filin 'yar gala-gala.

Can filin uwa ba ta nan, shi ya sa ake koya wa yarinyar amsarta tun daga ɗaki. Uwa ta zama mai tambayar, 'ya ta amsa, a maimaita har bakinta ya saba. A kuma sanar da ita tana da ikon cewa, "Ba na son wannan maganar," ta yi gaba abinta.

Tambaya daban, tsokana daban. Wanda aka ba amsa jiya, yau ya dawo da ayarin yara suna bin ta da "Baturiyar ƙarya", ba sani yake nema ba. Wannan sai manya: a je wurin malamin aji ko na Islamiyya, a kira iyayen yaron cikin mutunci. Tunda an je, a roƙi malam ya dawo da ita bencin gaba kusa da allo, nesa da hasken taga.