Idan Jiki Ya Kwanta, Zuciya Ma Tana Kamuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

'Yan uwa, a nan Gadarif mukan ga magidanci ya tashi daga jinyar kala-azar, ko yana fama da ciwon suga, sai ya daina zuwa majalisa, barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya hau iyali da faɗa. Wasunmu su ce raunin imani ne. Sau da yawa ciwon damuwa ne.

Ta hanya biyu yake shigowa. Doguwar jinya tana cinye ƙarfi da dukiya: manomin dawa da riɗi da damina ta wuce shi a kwance, ga bashi, ga cefane, ga tsadar magani tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023. Sannan wata cutar, kamar shanyewar ɓarin jiki, tana taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Damuwar kuma takan sa ya yi sakaci da shan magani, ciwon ya ƙara tsananta. Namiji kuwa ɓoyewa yake yi, don kada a ce ya gaza.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bayyana a Masalihul Abdan wal Anfus cewa jiki da rai suna kamuwa da ciwon juna. Annabi Yaƙub (AS) ma baƙin ciki ya taɓa idanunsa, kuma bai rage masa daraja ba.

Saboda haka idan alamun sun kai mako 2, mu raka ɗan uwanmu wurin likita, muna haɗawa da addu'a. In ya fara maganar gajiya da rayuwa, kada a kwana, kada a bar shi shi kaɗai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.