Gida a kan taya, zango a bakin hanya: abubuwan mamaki daga Alelu zuwa Matan Fada

A Turai da Amurka ana ƙera wata mota mai gado, da murhun gas, da firji, da banɗaki, duk a cikinta. Lokacin hutu magidanci ya kwashi iyalinsa su shiga duniya. Inda dare ya riske su akwai filin da aka tanada, su biya kuɗin kwana, su jona wuta da ruwa. Mafi yawan irin waɗannan motoci na Amurka a yankin gari ɗaya ake haɗa su, Elkhart, a jihar Indiyana. Mutumin Alelu in ka ba shi wannan labari ba zai ko ɗaga kai ba, domin duk shekara yana ganin Fulani sun kwance bukka, sun ɗaura tabarmi da ƙore a bayan takarkari, yara a kan jakuna, gida sukutum ya kama hanya.

Wanda ake cewa shi ya fara wannan yawo don nishaɗi kawai wani likitan sojan ruwa ne ɗan Sikotilan, William Gordon Stables, a 1885. Dawakai biyu ke jan ɗakin nasa. Ya tafi da karensa da tsuntsunsa, ga direban dawaki, ga kuma bara wanda ke wucewa gaba a kan keke mai ƙafa uku yana duba hanya.

Wannan aiki na bara, fataken ƙasar nan sun riga shi da nisa, su jagaba suke kiran mai yin sa. A ƙarni na 19 Jega na cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, kuma babban zango ce ga masu tafiya Gwanja sayen goro. Ayari ɗaya kan kai mutum dubu, har ya zarce. Madugu ke shugabanci, jagaba na gaba yana neman inda za a sauka da inda ruwa yake, uban dawaki na kula da tsari da biyan kuɗin fito, ga malamin da ke riƙe da lissafi da addu'a. Mata ma suna cikin tafiyar, suna dafa abinci suna sayarwa a kowane zango. Watanni ake yi kafin a kai Salaga, wadda yau take cikin Gana. Kayan da ake ɗauka kuwa kanwa ce, da tufafi, da fatu, da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Ke nan albasar wannan yanki ta san hanyar kudu tun ba a san tirela ba.

Ita kanta Jega, Buhari ɗan Malam Abdussalami ne ya kafa ta bayan jihadi. Gimbana, garin mahaifinsa da rundunar Gobir ta auka wa har abin ya zama sanadin hijirar Shehu Usmanu a 1804, tana nan kusa. Ɗalibai da yawa sun haddace sunan don jarrabawa ba su san a ƙasarsu garin yake ba.

Magajin fatake a yau direban tirela ne. Ka bi hanyar Jega zuwa Maiyama da Koko bayan isha'i, za ka ga gidan sauro a ɗaure a gindin mota, tabarma a shimfiɗe, yaron mota na hura risho. Ba firji, ba banɗaki, amma gida ne.

Alelu, wato Aliero, ta yi suna da abu uku: albasa, da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006, da masu ɗori. Na ukun ya fi jawo baƙi masu kwana. Ana kawo masu karaya daga jihohi masu nisa har da ƙasashe maƙwabta, dangi su biyo su da tukwane da tabarmi, su zauna jinya makonni. Yawon da ba wanda ke fatan yi ke nan, Allah ya tsare.

A Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a 1853 zamanin Sarki Halilu. A nan aka ba shi aron Tarihus Sudan, littafin tarihin daular Songhai, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Ta hanyarsa Turawa suka fara sanin abin da ke ciki. Sai dai ya jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman as-Sa'adi ne ya rubuta shi.

Sai Argungu, wadda iyali za su iya zuwa daga Jega su dawo a yini guda. Bikin kamun kifin nan ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, aka rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato. Duk tsawon shekara ana hana kamun kifi a wannan yanki na kogin Matan Fada, Sarkin Ruwa na tsaro. Ranar biki dubban masunta su faɗa ruwa a lokaci ɗaya, kowa da homa da gora, cikin kamar sa'a guda an gama. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, a daidai lokacin da bikin yake kwance, don an yi kusan shekara goma ba a yi ba sai a 2020. Kifin da ya zo na ɗaya a 2020 kilo 78 ne, ya fi magidanta da yawa nauyi. A 2008 kuwa abin dariya ya faru: bayan an ba wani kyauta, aka duba kifin aka gane ya daɗe da mutuwa, daga wani ruwan aka kawo shi. Aka karɓe kyautar. Wanda ya je ba lokacin biki ba, kada ya wuce gidan tarihi na Kanta. Fadar sarki ce har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958, kuma a cikinta ake binne sarakunan Kabi. A ganina yaro zai fi ƙaruwa a nan fiye da cikin cunkoson bakin kogi.

Surame, birnin da Kanta ya gina a ƙarni na 16, ganuwarsa ta dutse ce a ƙasar da kowa ke gini da laka. Yau kufai ne a cikin jihar Sakkwato.

Kudu da Yawuri, tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. An gina wa mutanenta sabon gari. Gandun dajin da ke wurin shi ne na farko da Nijeriya ta mayar na ƙasa, amma da halin tsaron yau ba na ba kowa shawarar kafa tanti a can, ko a kowane daji.

Tafiyar iyali mafi tsawo da Bahaushe ya sani ita ce hajjin ƙasa. Miji da mata da 'ya'ya su tashi a ƙafa ta Barno da Cadi, su tsaya su yi noma ko ƙodago, su tara guzuri, su ƙara gaba. Wasu shekaru suke yi, a haifi yara a hanya. Wasu ba su kai ba, ba su kuma dawo ba. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne ya kafa shi da jama'ar da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Waɗanda suka isa kuwa a Mina suke yada zango, inda yanzu akwai tantuna sama da dubu ɗari, da aka sake da waɗanda wuta ba ta ci bayan gobarar 1997, kuma ba a kwana a cikinsu sai 'yan kwanaki a shekara.