HARAJIN ALBASHI: RANGWAMEN DA DOKA TA BA KA, DA YADDA ZA KA KARƁO KUƊINKA

Ma'aikata da yawa a Talata Mafara da Bakura da Maradun ba su taɓa duba takardar albashinsu da kyau ba. Ana cire haraji tun kafin kuɗi su shiga hannu, mutum ya karɓi abin da ya rage ya yi shiru. To, jama'a, a sani cewa dokar da ta ce a cire haraji ita ce kuma ta ba da rangwame, wani rangwamen kuwa sai wanda ya nema yake samu.

Sabuwar dokar haraji ta ƙasa, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. A ƙarƙashinta Naira 800,000 na farko a kuɗin da mutum ya samu a shekara ba su da haraji. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin 100 a kansu, daga nan abin ya riƙa hawa har zuwa kashi 25 ga masu samun fiye da Naira miliyan 50. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato Naira 70,000 a wata da aka tsayar a 2024, ba a cire masa komai. Tsohon rangwamen nan na bai ɗaya, na Naira 200,000 da kashi 20 cikin 100 na albashi, an soke shi, kada wani ya je ofis yana nemansa.

Kafin a lissafa haraji, doka ta ce a fara ware waɗansu kuɗi a gefe. Akwai abin da ake cire wa ma'aikaci na fansho, wanda a tsarin adashin fansho na 2014 kashi 8 ne cikin 100. Akwai na Asusun Gidaje na Ƙasa, da na inshorar lafiya, da kuɗin inshorar rai, da kuma ruwan bashin da mutum ya ci don gina gidan da yake zaune a ciki.

Sabon abu shi ne rangwamen haya. Wanda ke zaune a gidan haya za a ware masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, amma ba zai wuce Naira 500,000 ba. Mai zaune a gidansa ko gidan gado ba ya ciki, kuma mu a karkara mafi yawanmu haka muke. Amma malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo daga wani gari, ko ma'aikacin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ya kama ɗaki a Mafara, wannan nasa ne.

Ga misali. A ce malami yana karɓar Naira 150,000 a wata, wato Naira 1,800,000 a shekara. In ba a ware masa komai ba, za a cire 800,000, saura miliyan 1, harajinsa ya zama Naira 150,000. To a ce an cire masa 144,000 na fansho da 45,000 na asusun gidaje, kuma yana biyan hayar 200,000, wadda rangwamenta 40,000 ne. Jimla 229,000 ke nan. Abin da za a ɗora wa haraji ya koma 771,000, harajin ya zama Naira 115,650. Bambancin Naira 34,350 ne, kuɗin da zai yi wa mutum amfani wajen sayen taki in damina ta kama.

Na fansho da na gidaje galibi ofishin albashi ya san da su. Na haya kuwa ba wanda zai sani sai ka faɗa a rubuce, kuma hukuma na iya neman shaida. A nan ne matsalar take, domin a garuruwanmu haya da baki ake yin ta, a miƙa kuɗi a yi godiya. Daga yau a riƙa karɓar rasit mai ɗauke da sunan mai gida, da unguwa, da yawan kuɗi, da kwanan wata. In mai gida bai iya boko ba, a sa wani ya rubuta, shi ya dangwala. Kada kuma a ƙara ko kwabo a kan abin da aka biya, don ba da bayanin ƙarya laifi ne.

Ɗan kasuwa da manomin rani a Bakolori su ma su lura: a kan riba ake biyan haraji, ba a kan ciniki ba. Kuɗin iri, da taki, da man injin ban ruwa, da ladan 'yan ƙwadago, duk ana cire su kafin a ce ga riba. Amma wanda ba shi da littafin shiga da fita, ƙiyasi za a yi masa. Ɗan kwangila da aka cire wa haraji tun wajen biya ya nemi takardar shaidar abin da aka cire, domin za a rage shi daga harajinsa na shekara.

In ka gano an cire maka fiye da ƙima fa? Harajin albashi na jihar da mutum yake zaune ne, ko da ma'aikacin tarayya ne kamar na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Saboda haka Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Zamfara za ka rubuta wa, wadda hedkwatarta ke Gusau. Ka haɗa takardun albashi na shekarar, da rasit-rasit, da lambarka ta ɗan ƙasa, ka kuma riƙe kofe na duk abin da ka miƙa. Bayan an bincika, ko a mayar maka da kuɗin, ko a rage su daga harajinka na gaba. Doka ta ba da shekara 6 a nemi irin wannan hakki. Takardar bayanin samun shekara kuwa, ana miƙa ta ne kafin 31 ga Maris na kowace shekara.