Manhaja mai mantuwa da manhaja mai riƙo

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya ya san matakan: ka zaɓi banki ka sa lambar asusu, sunan mai asusun ya fito, ka rubuta adadi, ka danna lambar sirri. A idon mai waya aiki ɗaya ne. Ga wanda ya rubuta manhajar kuwa shafuka huɗu ne, kuma dole ya yanke hukunci: abin da aka rubuta a shafi, wa zai riƙe shi, har zuwa yaushe? Hanyoyi biyu suka fi yawa. Ko kowane shafi ya riƙe nasa, in an rufe shi ya tafi da abinsa, ko a tara komai wuri guda, duk shafuka su riƙa ɗiba, ya zauna muddin manhajar tana aiki.

In ana son a auna su, Illela ta isa. Birnin Konni na tsallaken iyaka, ranar Lahadi kasuwa ta cika da 'yan naira da 'yan sefa, mutanen Gidan Katta da na sauran garuruwan kewaye sun shigo da dabbobi da hatsi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, ciniki mai yawa ya koma waya, har masu shanun da a da sai sun lissafa da hannunsu. Wayoyin da ke ɗauke da wannan nauyi galibi Tecno ne da itel masu araha, ram ɗinsu gigabait biyu ko uku. Sabis kuma a bakin iyaka ba shi da tabbas, wani lokaci waya takan kama layin Nijar ba a aike ta ba.

Android yana da ɗabi'u biyu da suka haifar da wannan magana. Da an juya waya ta kwanta, ko an canza harshenta, sai ya rushe shafin da ke gaba ya gina sabo. In kuma manhaja ta koma baya, ram ya cika, sai ya kashe ta gaba ɗaya ba sallama. A 2017 Google ya fito da abin da ya kira ViewModel, wata ma'ajiya da ke tsira daga rushewar farko. Daga ta biyu kam ba ta tsira, kuma ita ce ke faruwa kullum a ƙaramar waya.

Dubi mai mantuwa, wadda kowane shafi ke riƙe nasa, a hannun mai POS. Dattijo ya ce a tura wa ɗansa kuɗi Sakkwato, lambar asusun tana cikin WhatsApp. Yaro ya sa rabin bayani, ya leƙa WhatsApp, hoto ya ƙi buɗewa, ya jira, ya dawo ya tarar da shafi fes kamar ba a taɓa shi ba. "Baba, yi haƙuri, sake faɗo mini nawa ne." Layi ya ƙara tsawo, ana tsaki. Abin haushi ne, amma iyakarsa ke nan. Kuma tana da wata fa'ida da ba a cika yaba mata ba: shafi ba ya gadon kuskuren wani shafi, mai gyara manhajar ya san inda zai nemi ɓarna.

Mai riƙo ta fi daɗin hannu, shi ya sa masu rubuta manhaja ke saurin faɗa mata. Ba sai an miƙa bayani daga shafi zuwa shafi ba, kowa ya ɗebo daga wuri ɗaya. Ka koma baya, adadin na nan. Matsalarta ita ce ba ta san lokacin da ciniki ya ƙare ba. An ƙera ta da tunanin waya ɗaya, mutum ɗaya. A rumfar POS kuwa waya ɗaya ce ke yi wa mutane da yawa aiki, wani na bin wani. In lambar asusun ɗan dattijon nan ta zauna a ma'ajiya, mai albasa ya zo bayansa, yaro na cikin sauri, sai kuɗin mai albasa su tafi Sakkwato. Dawo da kuɗin da aka tura wa wanda ba shi ba kuwa, duk wanda ya taɓa zaman jiran banki ya san ba aikin yini ɗaya ba ne.

Akwai abin da ya fi wannan, wanda masu yabon riƙo ba su cika ambata ba. Ma'ajiyar nan ta bai ɗaya ita ma cikin ram take. In Android ya kashe manhajar, ta tafi. Da mai waya ya dawo, Android zai yi ƙoƙarin maido shi shafin da ya bari, a ce na uku, shafin ya miƙa hannu ya ɗebo sunan mai asusu ya tarar babu komai. Ko manhajar ta rufe kanta, ko ta nuna adadi ba suna. Ashe mai riƙon ma tana mantuwa, sai dai takan yi ta a tsakiyar hanya.

Saboda haka in dole sai na ɗauki ɗaya, mai mantuwa zan ɗauka, don ɓarnarta lokaci ne, ta ɗayar kuɗin mutane. Amma ina ganin dukansu sun ɗaura bayanin a inda bai dace ba. Dillalin shanu a kara yana riƙe tayi da sunan mai saye a kansa duk yawan kai da komowa, da an ce an sallama sai ya sauke, ya fuskanci na gaba. Tsawon cinikin ne ma'auninsa. Android ma ya ba da damar yin haka tun 2019: a haɗa shafukan tura kuɗi rukuni ɗaya, ma'ajiyarsu ta fara da na farko, ta goge da fitar rasit. 'Yan abubuwan da ba a so su salwanta, lambar asusu da adadi, a ba tsarin waya ajiyarsu ta hanyar SavedStateHandle, wanda ke dawo da su ko an kashe manhajar. Wurin ba shi da girma, duk abin da ke bi ta wannan ƙofa bai wuce megabait ɗaya ba, don haka hoto ba ya shiga. Lambar sirri kuwa ba a ajiye ta ko na daƙiƙa.

Saura mataki ɗaya da ba ruwansa da wannan gardama. An danna lambar sirri, allo na juyawa, sabis ya ɗauke. Mai kaya ya ce alat bai shigo ba, mai saye ya ce an cire. A nan duk abin da waya ta riƙe zato ne, gaskiyar tana kwamfutar banki. Abin da ya kamata a rubuta a cikin wayar, rubutun da ko batir ya mutu yana nan, shi ne lambar da ta keɓanta da wannan cinikin, tun kafin a aika. In manhajar ta farfaɗo, da ita za ta tambayi banki ko kuɗin sun tafi, kafin ta sake ba yaron damar danna "tura".