Araha Ba Ta Ado: Rigimar Kuɗin Sihiri A Wasan Dungeons & Dragons

A cikin shekarar 1974 ne wasu mutum biyu 'yan Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani irin wasa da suka raɗa wa suna Dungeons & Dragons. Kamfanin TSR da ke ƙaramin garin Lake Geneva cikin jihar Wisconsin shi ya buga shi, kwafi 1,000 kacal a bugun farko, ana sayar da kowane akwati dala 10. Yau fiye da shekara 50 ke nan ana yin wannan wasa a ƙasashe da yawa, amma akwai wata tambaya da har yanzu masu yin sa ba su gama gardama a kanta ba. Tambayar ita ce, me ya kamata mai sihiri ya biya kafin sihirinsa ya ci?

Ga wanda bai san wasan ba, tatsuniya ce da mutum huɗu ko biyar suke taruwa su ƙaga tare a gewayen tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi ke bayyana ƙasar da ake ciki da dodannin da ke cikinta. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wannan jarumi mai takobi, wancan ɓarawo mai wayo, wani kuma mai sihiri. In mutum ya ce zai yi abu kaza, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, wata ma mai fuska 20, a ga ko ya yi nasara. Sihirin da ake magana a kai na cikin labari ne kurum, lissafi ne a kan takarda da fensir. To, amma da yake jarumi iyakarsa sara da suka, mai sihiri kuwa yana iya tashi sama ko ya ƙone rundunar maƙiya da kalma guda, tilas a sa wa sihiri farashi. In ba haka ba, mutum ɗaya ne zai cinye wasan, sauran su zama 'yan kallo.

Farashin Farko

Gygax ya ɗauko dabararsa daga littafin wani marubucin Amurka mai suna Jack Vance, watau The Dying Earth, wanda ya fito a 1950. Bisa wannan tsari, mai sihiri yana haddace surkullensa kafin a fita, da zarar ya furta shi kuwa sai ya goge daga kansa, sai ya huta ya sake komawa ga littafinsa. Sabon shiga surkulle ɗaya tak yake da shi a yini. Ba ya sa sulke, makaminsa kuma wuƙa ce kawai. In ya kashe wannan guda ɗayan da hantsi, sai ya wuni yana laɓewa bayan abokan tafiyarsa.

Da aka faɗaɗa dokokin a ƙarshen shekarun 1970, aka ƙara wasu kuɗaɗen. Surkulle da yawa suna da kayan haɗinsu: ƙwallon wuta yana bukatar kashin jemage da farar wuta, surkullen gane asirin kaya kuwa sai da lu'ulu'u na zinariya 100 da gashin mujiya. Wasu ma da kwanan mutum ake biyan su. Surkullen ƙara sauri yana tsofar da wanda aka yi wa da shekara guda, shi kuwa babban surkulle na biyan buri, wanda ke ba mutum kusan duk abin da ya roƙa, yana cin shekara 3 daga rayuwar mai yin sa.

Wasu mawallafa ba su gamsu da wannan hanya ba. A 1975 Ken St. Andre ya fito da Tunnels & Trolls, inda kowane surkulle yake rage ƙarfin jikin mai yin sa. A wasan Call of Cthulhu na Sandy Petersen, wanda ya fito a 1981, mai sihiri da hankalinsa yake biya, yana yi yana matsawa kusa da hauka. A Shadowrun na 1989 kuwa, wanda ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa yana iya suma, ko ma ya ji wa kansa rauni. Kowane irin farashi da irin labarin da yake haifarwa: wanda ke tsoron hauka ba zai taɓa sihiri ba sai wuya ta kai wuya, wanda kuwa gajiya kaɗai zai yi, ya huta ya ƙara.

Gyara Bayan Gyara

Kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR a 1997, ya fito da bugu na uku a 2000. Nan aka kawar da tsufa, aka maye gurbinsa da makin ƙwarewa, watau makin da ɗan wasa ke tarawa don mutuminsa ya hau mataki na gaba. Biyan buri ya koma maki 5,000. Amma sai aka yi sake da surkullen ƙara sauri, wanda ya ba mai sihiri damar jefa surkulle biyu a lokacin da da ɗaya yake jefawa, ga shi kuma babu sauran tsufa. Bayan shekara 3 kacal, a gyararren bugu na 2003, aka toshe wannan kafa. A wannan gyara ne kuma aka ɗaga kuɗin tayar da wanda ya mutu a cikin labari, daga dutsen daimon na zinariya 500 zuwa na 5,000, domin in mutuwa ta yi araha, babu wanda zai ƙara jin tsoron dodo.

Duk da haka kukan bai ƙare ba. 'Yan wasa suka yi ta cewa a matakan farko mai sihiri abin tausayi ne, a matakan ƙarshe kuwa jarumi ya zama ɗan rakiya. Saboda haka a bugu na huɗu, a 2008, kamfanin ya yi wa kowa kuɗin goro. Jarumi da mai sihiri duk aka ba su dabaru iri ɗaya a tsari: waɗanda ake yi kullum, da na sau ɗaya a kowane faɗa, da na sau ɗaya a yini. An sami daidaito, amma da yawa daga tsofaffin 'yan wasa suka ce sihiri ya rasa armashinsa, kuma wannan na daga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka kore su. Wani ƙaramin kamfani mai suna Paizo ya fito da Pathfinder a 2009 bisa tsohon tsari, sai dai ya mai da farashin makin ƙwarewa ya koma dukiya, biyan buri ya zama daimon na zinariya 25,000. Zuwa 2011 Pathfinder ya sha gaban Dungeons & Dragons a kantunan sayar da irin waɗannan wasanni a Amurka.

A bugu na biyar, na 2014, aka bi tsaka-tsaki. Aka bar wa mai sihiri ƙananan surkulle da zai yi ta yi kyauta, manyan kuwa aka ƙayyade masa gurabe a yini. Aka kuma sa dokar cewa surkulle masu daɗewa da yawa suna bukatar tattara hankali, mutum ba zai riƙe biyu irinsu a lokaci guda ba. Wanda ya matsa wa biyan buri fiye da kima kuwa, akwai kashi 33 cikin 100 na yiwuwar ba zai ƙara iya yin sa ba har abada.

Lissafin Maki 27

A gidaje, jagorori da yawa sukan yi wa dokokin kwaskwarima da kansu, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ake yi ita ce soke gurabe a ba mai sihiri maki ya kashe yadda ya so. Littafin jagora na 2014 ma ya kawo wannan a matsayin zaɓi: surkullen daraja ta ɗaya maki 2, ta biyu maki 3, ta uku maki 5.

A nan ne mai karatu zai ga inda gizo ke saƙar. Mai sihiri da ya kai mataki na 5 yana da gurabe 4 na daraja ta ɗaya, 3 na ta biyu, da 2 na ta uku. In aka mai da su maki, 8 da 9 da 10 ke nan, jimla 27. A ido ba a ƙara masa ko anini ba. Amma ƙwallon wuta na daraja ta uku ne, kuma a tsarin gurabe sau 2 kaɗai zai jefa shi a yini. Da maki 27 a hannu kuwa zai jefa shi sau 5, har ya yi rarar maki 2. Watau an ninka masa babban makaminsa fiye da sau biyu ba tare da an taɓa jimlar ba. Mawallafan sun san da wannan haɗari, shi ya sa suka ce daga daraja ta 6 zuwa sama, sau ɗaya kaɗai za a yi kowace daraja kafin a yi dogon hutu.

Shi kansa hutun farashi ne, ko da yake jagorori sukan manta. Littafin ya gina lissafinsa a kan faɗa 6 zuwa 8 a yini. Jagoran da ke barin mutane su kwana bayan kowane faɗa ya karya farashin sihiri ke nan bai sani ba, domin mai sihiri zai zazzage duk abin da yake da shi a karon farko. Don haka ne littafin ya kawo wani zaɓi inda dogon hutu yake zama kwana 7 cur.

Abin da wannan tarihi ke nuna wa mai son taɓa dokar sihiri shi ne, kafin ya canja lamba ya fara duban abu uku: sau nawa babban surkulle zai fito a zama guda, da me za a biya shi, kuma me zai rage wa mai takobi ya yi. Sa'an nan ya shawarci mutanen teburinsa, ya gwada zama biyu ko uku, kada garin gyaran gira a rasa ido. Kamfanin da ya mallaki wasan ma, da ma'aikatansa da dubban masu gwaji, ya sake yi wa bugu na biyar gyara a 2024, shekara 50 daidai bayan akwatin dala 10 na Lake Geneva.